Ɗan Malamin Auduga

Ubana malamin auduga ne a Kumo.
Yakan tsoma hannu can cikin buhu,
ya ja sili tsakanin yatsa da yatsa,
ya ɗaga wa rana, ya yi shiru,
sannan ya ce lamba ɗaya, ko lamba biyu.
Manomi ya tafi da murna ko da ƙunci,
shi kuwa ba ya waiwaye
in an sauke buhu daga ma'auni.

Ni hannun na gada, ban gaji audugar ba.
Tun da na ajiye alli a Jekadafari,
bayan lisha, in an kawo wuta,
nakan zauna gaban tsohuwar kwamfutar
da 'yata ta bar min da za ta tafi Kashere,
ina auna abin da 'yan sa-kai suka rubuta
a kan adabi, cikin kundin sani.
Ba mai biyansu, ba mai biyana,
sauro kaɗai ke karɓar ladansa, a jini.

Gurbi biyu aka ba ni.
Ɗaya na tambaya: yaya aka rubuta?
Ɗaya na tambaya: ya kai a rubuta?
Na farko da sauƙi.
Wannan ya kawo madogara goma sha biyu,
wannan ya kwafo har da tuntuɓen mai shi,
wancan ya yi wa marubuci kirari
kamar maroƙi a gidan suna,
na goge "fasihin fasihai", na bar shekarar haihuwa.
Na biyun ne ke hana ni sukuni.

Daren Talata na ci karo da layi huɗu.
Wani Yusha'u, ban san fuskarsa ba,
ya rubuta: "Goggo Dudu ta Deba.
Tana rubuta waƙa da ajami.
Ta rasu da damina.
Gara ta ci takardunta"
Shi ke nan. Ba littafi, ba jarida,
ba ko aya a ƙarshen bayani.

Na san ta.
A tsakar gidanta na sha fura ina ɗan shekara tara,
tana kaɗi, mazari na juyi,
baiti na fita tare da zare.
Waƙarta uwata ta riƙa maimaitawa
ranar da aka fita da ubana.
Har yau rabin baitin na bakina,
rabin ya bi su, ya bar ni da rauni.

Ƙa'ida ta ce abin da ba a buga ba, ba a shaida ba.
Kuma ba ta yi ƙarya ba.
Na ga masu ƙaga wa kakansu diwani
don a ce su ma jikokin wani ne.
In na buɗe ƙofa saboda Goggo,
da wane baki zan hana na gobe?
Amma wa ya taɓa kai injin ɗab'i Deba?
Wa ya zauna gabanta da biro, ko na yini ɗaya?
Gara ba ta zama alƙali ba
don kawai ta riga ni.

A gurbin farko na rubuta: tsiro.
Gaskiya ce, layi huɗu ba itace ba ne.
A na biyu yatsana ya tsaya
har aka ɗauke wuta, fanka ta lafa,
allon ya dushe ya bar ni da fuskata.
Cikin duhun na tuna:
tsohon nan bai taɓa ba da lamba ba
ga buhun da bai tsoma wa hannu ba,
ko da sarki ne ya aiko, ko da rana ta yi tsanani.

Na bar gurbin fari fat.
Da asuba na aika wa Yusha'u saƙo:
ka zo tasha ranar Asabar da littafin rubutu,
kuɗin mota na wuyana.
An ce autarta, Adda Hajjo, na nan da rai,
ido ya tafi, kunne da saura.
Zan kai mata goro da rabin baiti,
in ji ko za ta ƙarasa mini.